Rigar Awo

Ni mai jiki ce, gara in faɗa da bakina tun ba a taya ni ba. Mutanen Diffa akwai ladabi, ba wanda zai dubi tsabar idona ya ce mini ƙatuwa. Sai dai a ce, "Hajiya, hutu ya karɓe ki," ko kuwa, "Tubarkalla, maigida yana ƙoƙari." Wane hutu? Ni da nake tsaye kan turmi da rariya tun hantsi ina haɗa yajin da nake saidawa, tattasai ya shiga hanci ya shiga ido, ina na ga hutu? Jiki ne na gado. Innata haka take, Allah ya jiƙanta. Kakata ta Damagaram ma an ce sai da aka fasa ƙofar ɗakinta aka ƙara mata faɗi.

Shekaru da yawa laffaya ce ta rufa mini asiri. Allah ya saka wa matan Barebari da alheri, su da suka koya mana ita, don laffaya ba ta tambayar awon kowa. Ki naɗa, ki yafa, ki fita abinki. A ƙarƙashinta kuwa riguna uku gare ni, duk ɗinkin wata baiwar Allah ce da gudun hijira ya kawo ta unguwarmu daga Najeriya da kekenta na ɗinki. Mace ce, a ɗaka take auna ni, ba ta taɓa faɗin lamba da ƙarfi ba. Da ta koma wajen danginta a sansanin 'yan gudun hijira na Sayam Foraj sai ɗinkina ya tsaya cak. Na yi ta wanke ukun nan ina sawa har zanen jikinsu ya fara gudu.

Ana haka 'yata ta fari ta gama makarantar ungozoma. 'Yar fari ce, don haka ban taɓa kiran sunanta ba tun ranar da aka raɗa mata shi. "Ke" nake ce mata, in kuma ina ba da labarinta in ce "yarinyar nan". Wata ranar Laraba da yamma ta shigo da leda biyu a hannu, ta ajiye ɗaya a kan cinyata.

Ta ce, "Mama, ga ankonmu, ni da ke. Asabar ta sama za mu yi rantsuwa. An ce kowace ɗaliba uwarta ce za ta hau ta sa mata farar riga a gaban jama'a."

Na leƙa ledar. Turmin atamfa ne, ruwan hoda da ganye-ganye, mai kyau ƙwarai.

Na ce, "To ki je ki gaya wa gwaggonki."

"Gwaggo ce ta haife ni?"

"Ke ba ki da kunya ne? Ina kika taɓa ganin uwa ta je taron 'yar fari ta tsaya gaban mutane tana washe baki?"

Ta kwashe da dariya. "Oh ni! Mama, kunyar nan taki ba ta hana ki zagina a gaban baƙi, sai zuwa taro take hanawa."

Na rarumi ludayi na jefe ta, ta goce. Amma da ta kai bakin ƙofa sai ta juyo, ba dariya a fuskarta kuma. Ta ce, "Wallahi in ba ki zo ba, ba wanda zai sa mini. Zan tsaya da rigata a hannu har a tashi." Na san halinta. Tun tana ƙarama in ta ce ba ta shan koko, to ko za a kwana a kanta ba ta sha.

To bari in faɗi gaskiya, ba alkunya ke damuna ba, tsoro ne. Na san irin zauren da ake taron nan. Kujerun roba ne masu hannu, waɗanda in na zauna sai in tashi da su a maƙale. Akwai matakala da za a hau kowa yana kallo. Akwai 'yan mata ƙawayenta da za su rufe baki da gyale. Ni ba dariyar da za a yi mini nake tsoro ba, na saba da ita. Fuskar yarinyar nan nake tsoron gani a lokacin da ake dariyar. Ga kuma turmi, yadi shida ne, zane uku. Mata na fitar da riga da zane da kallabi a ciki har a samu ƙyalle. Ni kuwa in an fitar mini da riga da zane sai a yi wa kallabi addu'a.

Na yi kwana shida ina juya maganar. Ranar Talata, ranar kasuwa, na yanke shawara: zan sayi abaya ɗinkakkiya baƙa, in yanki kallabi daga atamfar in ɗaura, shi ke nan na yi anko ba tare da na tsaya gaban tela ba. Na tare keke mai ƙafa uku. Mai keken ya dube ni, ya dubi tayarsa ta baya. Na ce, "Malam, ni za ka ɗauka ko tayar?" Ya ce, "Shigo, Hajiya, Allah ya ba da haƙuri."

Shago na farko, mai shagon ya ɗaga abaya uku yana karanta lambar wuyansu da Faransanci, ya mayar. Na biyu kayansa daga Kano suke zuwa, lambobinsu daban, shi ma bai san wace ce ta fi wata ba, sai dai ya buɗe ya kara a ƙirjinsa. Na uku bai ko tashi daga kujera ba, ya ce, "Sun ƙare." Na ce, "Me ya ƙare? Na gaya maka abin da nake nema?" Ya ci gaba da danna waya. Rana ta take, gumi ya jiƙa mini laffaya, ga amalanke da buhunan tattasai suna ta ture mutane. Duk inda na shiga kafin in buɗe baki an riga an auna ni da ido an gama.

Daga ƙarshe na nufi inda na yi ta gudu tun safe, shagon ɗan ƙanin babana, mu duka 'yan Damagaram ne da kasuwa ta zaunar da iyayenmu a nan. Ya tare ni da murna. "Yaya! Yau ke ce a shagona? Ai kin zo gida." Ya hau kan kwali ya sauko da wata baƙar abaya mai duwatsu a wuya. Ya ce, "Wannan firi-saiz ce. Ba ta da lamba, kowa ya sa ta shiga."

"Kowa?"

"Kowa da kowa, Yaya. Shi ya sa ake ce mata firi-saiz."

Na shiga bayan labule inda yake tara kwalaye, na kwance laffaya, na zura kai, na zura hannuwa. Ta sauko har kafaɗa. Na ja ta da ƙarfi ta wuce ƙirji, a nan ta tsaya. Ba gaba ba baya. Hannuwana a sama, fuskata a cikin baƙin yadi, duwatsun wuyan suna kartar mini hanci. Sai kuma aka ɗauke wuta, fankar da ke kaɗawa ta tsaya. Na yi ta mutsu-mutsu, na ture kwali ɗaya takalma suka zube.

Daga waje ya ce, "Yaya, ta shiga?"

Na ce, "Ta shiga, don ubanka. Fita ce ta gagara!"

Sai da ya roƙi wata mata da ta zo sayen hijabi ta shigo ta taimaka. Baiwar Allah ta kama gefe tana ja, ni ina turjewa, tana cewa, "Sannu, sannu, yi numfashi." Muka ji ƙiiii, ɗinkin hammata ya tafi har ƙugu. Na fito daga cikinta ina haki, na naɗa laffayata, na ce masa ya sa ta a leda, na saya. Ya ce haba Yaya a bar shi. Na ce ba a bari ba. Ban iya kallon matar ba ma balle in yi mata godiya yadda ya kamata, har yau abin yana damuna.

Da na fito sai na bi ta layin 'yan gwanjo don in gaggauta fita kasuwar. Kuskure na biyu ke nan. Wani mai gwanjo ya hango ni tun daga nesa ya ɗaga murya, "Hajiya! Hajiya mai laffaya! Zo nan, yau na fasa dila, akwai naki, manya-manya!" Ya zaro wata riga ya ware hannuwansa iya tsawonsu ya ɗaga ta sama duk layin na gani. "Dubi! Wannan ko mutum biyu ne za su shiga su yi hira!" Mutane suka yi dariya. Shi a ganinsa talla yake yi. Na tsaya na ce masa, "Kai wa uwarka, ku shiga tare." Na wuce abina. Ban saba ambaton uwar kowa ba, ranar sau biyu na zagi iyaye kafin azahar.

Ba sauran dabara sai tela. Tsohon telan Innata yana nan da ransa, Babarbare ne, shagonsa a jikin gidansa yake, daidai ƙofar lakwal ɗin da na yi firamare. Mu matan gidanmu namiji ba ya sa mana igiyar awo a jiki. Abin da ake yi, ki ɗauki rigarki ɗaya da ta yi miki daidai ki kai masa tare da yadin, ya shimfiɗa ta a tebur ya yanka a kanta. Ita ake ce wa rigar awo.

Washegari na buɗe akwati. Na ɗauko ɗaya daga cikin ukun nan da nake sawa, na ware ta a kan gado, na tsaya ina kallon faɗinta. Na tuna bencin ƙofar shagon Baba tela, inda dattawa ke zama suna shan shayi tun safe. Na ga yadda zai shimfiɗa ta ta zubo ta kowane gefen tebur, su kuma su ɗauke kai don ladabi. Na ninke ta na mayar. Na tona can ƙasan akwatin na zaro wata shuɗiyar riga da rabona da ita tun ina goyon autana, wanda yanzu yake kolej. Ita na sa a leda tare da atamfar.

Kada wani ya ce rashin sani ne. Na san ba za ta shige ni ba. Lissafina shi ne a ɗinka, ranar Juma'a in karɓo, in gwada a gaban yarinyar nan ta ƙi shiga, in ce kin gani, tela ya ɓata, lokaci kuma ya ƙure. Laifi ya hau kan tsoho, ni in fita da hannuna fari.

Na same shi a kan keken ɗinki, tabarau a ƙarshen hanci. Hausarsa ta Barebari ce, mace da namiji duk "ka" ne a wurinsa.

Ya ce, "Wushe, wushe, 'yar Hajiya. Ka manta da mu."

Na gaishe shi, na gaida dattawan benci, na miƙa ledar. Ya zaro shuɗiyar rigar ya shimfiɗa. Ya dube ta, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya sake dubanta.

"Wannan naka ne?"

"Tawa ce, Baba."

"To." Ya ninke ta. "Juma'a bayan la'asar."

Kwana biyun nan ban zauna wuri ɗaya ba. Na zuba gishiri sau biyu a yaji guda, kwano ɗaya cur ya lalace. Na ƙona tuwo. Maigidan ya dawo daga Shetimari inda ya je sayen tattasai, ya ce lafiya, na ce masa lafiyar ce ta kawo haka. Yarinyar nan kuwa tana ta guga farar rigarta tana waƙa, ta rataye ta a ƙusa, ta sauke, ta sake gogewa. Sau biyu ranar Alhamis na ɗauki rigar gaskiya na ɓoye a laffaya na nufi shagon Baba tela. Sau biyu ina kaiwa katangar lakwal na juyo. Katangar ce ke mayar da ni, don akwai abin da na binne a bayanta.

Shekarar da na yi sartifika, wato jarrabawar gama firamare, ina da shekara goma sha biyu. An shirya bikin raba kyauta, ni kuma ina cikin waɗanda za a kira, aka ce kowa ya zo da iyayensa. Ana saura 'yan kwanaki na manta da ƙullin abincina a gida, Inna ta biyo ni da shi lokacin hutun tara. Tana shigowa filin lakwal wata yarinya ta ce, "Ku zo ku ga buhun tattasai ya yi ƙafa." Aka fashe da dariya. Ni ma na yi dariyar. Na yi ta ne don kada a ce tawa ce, alhali kowa ya san tawa ce. Na karɓi ƙullin ban kalle ta ba.

Ana gobe biki da yamma ta kira ni ɗaki. Ta shimfiɗa sabuwar koriyar atamfa a kan gado, ɗinkin Baba tela, tana shafa ta. Ta ce, "Ya kika gani?" Ni kuma, yarinya da wayon banza, na riga na nemo makamin da ba za ta iya turewa ba. Na ce, "Inna, ai ni 'yar fari ce. In kin je mutane za su ce ba ki da alkunya."

Ta dube ni jim kaɗan. Ta ce, "Haka ne fa. Kin ga na manta." Ta ninke rigar.

Gwaggona ce ta raka ni. Da muka dawo na iske Inna da tsohon zanenta tana daka, na nuna mata littattafan da aka ba ni ta ce madalla. Mata suka yi ta yabonta, wai ka ga mai alkunya, 'yarta ta ci kyauta ko leƙawa ba ta yi ba. Ta rayu shekaru da yawa bayan haka, ta aurar da ni, ta yi goyon 'ya'yana, ba ta taɓa tada maganar ba. Da ciwon ajali ya kama ta na ce ta yafe mini, ta ce ta yafe duniya da lahira. Amma a dunƙule na roƙa. Wannan ɗin ban ambata ba, na kasa.

To ga shi yanzu makamin nan dai na sake ɗauka, na juya shi ta ɗaya gefen. Da shi na hana uwata zuwa, da shi nake so in hana 'yata ganina. Na gane haka sarai ranar Alhamis ɗin, a tsaye a rana jikin katanga, amma ganewar ba ta ba ni ƙarfin ƙarasawa shagon ba.

Juma'a bayan la'asar na je. Bencin ba kowa, dattawan sun tafi jana'iza. Baba tela ya miƙo mini leda, na ji ta fi nauyin da nake zato. Na juya zan tafi ya ce, "A'a. Shiga ciki wajen iyali ka gwada. Ba na son gyara ranar biki."

Na shiga ɗakin matarsa ina shirya yadda zan ɓata rai. Na zura kai. Rigar ta sauko ta wuce kafaɗa, ta wuce ƙirji, ta zauna. Na ɗaga hannu, ba inda ya ja. Na sunkuya, na miƙe. Na ɗaura zanen ya zagaye ni har da rara, ga kallabi cikakke. Rabon da in sa abin da ya yi mini haka har na manta. Maimakon murna sai haushi ya turnuƙe ni, don ƙaryata ta rushe. Na fito da kayan a jikina.

"Baba, wa ya ce ka canja mini awo?"

Bai ko tsayar da keken ba. "Rigar da ka kawo, na wani ne. Na wata yarinya da na sani da."

"Ni ce na kawo ta, kuma ita na ce a bi!"

"Jiya sau biyu ka zo nan jikin katanga ka koma. Ina da ido." Ya tsayar da keken, ya sunkuya da ƙyar ya jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin tebur. Cike take da rigunan awo da masu su ba su dawo sun karɓa ba. Ya tona ya zaro wata doguwar riga da ta koɗe, launin ƙasa, ya shimfiɗa a tebur. Ta zubo ta kowane gefe.

Tun kafin ya yi magana na gane ta, rigar Inna ce. A hannun dama akwai ɗan ƙonuwa da garwashi ya yi mata, ni da kaina na ga ranar da ya faɗo daga kasko.

Ya ce, "Hajiya ya bari nan, duk ɗinkinsa a kai nake yi. Da ya rasu ba wanda ya zo karɓa, ni kuma amana ne, ba na zubarwa. Na duba ka, na duba shi. Ɗaya ne. Ko yatsa ban ƙara ba, ban rage ba."

Na zauna a bakin bencin. Na ce, "Turmi ɗaya ba ya fitar da wannan."

"Ba ya fitarwa. 'Yarka ya zo ranar da ka kawo, da yamma. Ya yanko yadi biyu daga nasa ya ba ni. Ya ce shi farar riga zai rufe, ba ya bukatar mai yawa. Ya ce kada in gaya maka." Ya ɗaga kafaɗa. "Na tsufa, ina mantuwa."

Ashe yarinyar nan ta san komai. Ta san rigar da ta ɓace daga ƙasan akwati, ta san abin da nake ƙullawa, tana ta gugarta tana waƙa. Na ja rigar Inna na ɗora a cinya. Ƙamshinta ya tafi, sai warin ƙarfe da man keke. Ban san abin da ya sa bakina ya buɗe ba, na ce, "Baba, ka tuna wata koriyar atamfa da ka ɗinka mata shekarar da na yi sartifika? Ba ta taɓa sa ta ba. Ni na hana."

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Ya sa mana."

"Ba ta sa ba, Baba. A gida na bar ta."

"Ya sa. Nan ya zauna, inda kake zaune." Ya nuna ƙofar lakwal da haɓa. "Kuna shiga ya zo. Tun safe har rana ya yi zafi. Da aka kira sunanka a lasifika ya ce mini, ka ji? Ka ji? Na ce, Hajiya, shiga mana, ga ƙofa. Ya ce a'a, 'yar fari ne, daga nan ma ina ji. Da aka fara tafi na ƙarshe ya tashi da sauri, wai kada ku riga shi gida."

Na yi kuka a ƙofar shagon tela da rana tsaka, mace mai jikoki a hanya, da sabon anko a jikina. Masu wucewa suna kallo ban damu ba. Baba tela bai ce mini in yi haƙuri ba, ya koma kan kekensa ya ci gaba da ɗinki. Da na gaji na share fuska, na ce zan tafi da rigar Inna. Ya ce, "Naka ne. Amma in za ka yi ɗinki ka dawo da shi, shi ne awonka."

Ranar Asabar na je. Kujerun masu hannu ne kamar yadda na zata, don haka na tsaya a jikin bango har aka fara kira. Na hango yarinyar nan a layi da farar rigarta a ninke a hannu. Atamfarta 'yar guntuwar riga ce da siket matsattse, kanta kuwa farin ɗankwali ta ɗaura don yadin bai kai kallabi ba. Tana ta waige-waige. Da idonta ya faɗo kaina ta ɗaga hannu sama tana kaɗawa kamar wadda ke tare mota a tasha, ta taɓa ta kusa da ita tana nuna ni.

Aka kira ta. Na taka matakalar nan guda huɗu, katakon yana ƙara a ƙarƙashina. Wata a layin gaba ta rufe baki da gyale, na gan ta sarai. Na dubi fuskar 'yata, abin da na yi kwana goma ina tsoro. Ita ba ta ma ga mai gyalen ba, ni take kallo, haƙoranta duka a waje. Na karɓi rigar na ware, ta zura hannuwa, na ɓalla mata maɓallai har na tsallake ɗaya na sake. Gwaggonta ta rangaɗa guɗa daga ƙasa.

Ta juya za ta koma layi. Shekara ashirin da uku sunan nan yana bakina ban taɓa fitar da shi ba. Na kira shi, sunanta na yanka, da ƙarfi, har lasifikar da ke kusa ta ɗauka zauren duka ya ji.

Ta tsaya cak, ta juyo a firgice. "Na'am, Mama?"

Na ce, "Gyara wuyan rigarki."